Ɗaurin Enzayim Da Makomar Dajin Falgore

Tun da Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa, maganar kama iskar kabon ta shiga bakin jama'a. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada za ka ji ana cewa Turawa sun ƙera na'ura mai zuƙe gurɓatacciyar iska, don haka surutun hana sare itace ya kusa ƙarewa. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin an ɗauki gaskiya an sa ta inda ba muhallinta ba.

Fasahar tana nan, kuma wani reshenta ya dogara ne da abin da ake kira enzayim. Matan gidajenmu sun daɗe suna aiki da shi. Shi ne yake sa tsiron dawa ya zaƙaƙa kunu, shi ne yake sa ganyen gwanda ya tausasa nama. Wanda ake magana a kansa sunansa kabonik anhaidires, an gano shi a jinin shanu a farkon shekarun 1930. Yana cikin jininmu, yana taimakawa a kwashe iskar kabon daga sassan jiki zuwa huhu. A tsakiyarsa akwai ƙwayar zink guda, irin ma'adinin da ke cikin duwatsun Riruwai ta Doguwa. Ƙwaya ɗaya tasa tana iya narkar da ƙwayoyin iskar kabon kusan miliyan ɗaya cikin ruwa a daƙiƙa guda.

A masana'anta ana bi da hayaƙi ta cikin dogon bututu, ana yayyafa masa ruwa mai sinadari irin na ruwan toka. Ruwan shi kaɗai nawa gare shi, enzayim ne ke sa shi sauri. Daga nan a ɗumama ruwan ya saki iskar, a tara ta, a sake amfani da ruwan.

A nan gizo ke saƙa. Wannan enzayim da zafin jiki ya saba, digiri 37. Idan ya haɗu da zafin masana'anta da kaifin sinadari, siffarsa takan warware, kuma ƙwan da ya dahu ba ya komawa ɗanye. Ko bai lalace ba, ruwa yakan tafi da shi kamar gishiri a miya, ga shi da tsada. Dabarar masana ita ce a ɗaure shi a jikin wani abu mai ƙwari, ko a cusa shi cikin ƙananan ramuka na silika ko roba. Akuyar da aka turke ba ta ɓata. Shunin da ya kama zane a Ƙofar Mata wanki ba ya fitar da shi. Tsintsiya kuwa ɗaurinta ne ke hana ta watsewa. Haka enzayim: ɗaurin yana riƙe siffarsa ya jure zafi, yana kuma tsare shi wuri ɗaya a yi ta aiki da shi. Sai dai dabaibayi yana rage wa doki gudu, don haka gwanintar ita ce a ɗaure shi ba tare da an toshe bakin da yake aiki da shi ba.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1916 wasu masana biyu, Nelson da Griffin, suka liƙa wani enzayim a jikin gawayi suka ga bai daina aiki ba. A 2022 masu bincike a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka suka liƙa kabonik anhaidires a yadin auduga, suka tace iska da shi a ɗakin gwaji.

Amma galibin wannan aiki a bakin bututun hayaƙi ake yin sa, inda iskar ta taru wuri ɗaya, kamar kamfanin siminti ko tashar wuta mai ƙona gas. Babu bututu a kan ramin gawayi, babu a kan gonar da aka cinna wa wuta, babu a murhun gida. Hayaƙinmu na kudancin Kano a warwatse yake.

Abin da ya kamata mu sani shi ne dangin wannan enzayim suna cikin kowane ganye. Da su masarar Doguwa da dawar Kiru ke fara kama iskar kabon, kuma itatuwan Falgore suna wannan aiki kyauta, suna sabunta kayan aikinsu kowace damina. Su ne kuma ke riƙe ƙasa a bakin Kogin Kano da ke cika madatsar Tiga a Bebeji. Amma buhunan gawayi a jere suke a gefen titin Jos, hukumomi suna wucewa suna gani.

Jami'o'inmu su shiga wannan bincike, tunda auduga da gawayi ba baƙinmu ba ne. Kafin nan, masu mulki da masu gatari mu ji tsoron Allah, mu bar wa Falgore itatuwanta.