Kafin Ka Sayi RAM: Lambar Da Ke Jikin Kwali Ba Ita Ce Gudun Da Za Ka Samu Ba

Kwamfutarka ta tebur tana jan ƙafa da zarar ka buɗe Chrome da CapCut lokaci guda, abokai kuma sun ce ai RAM za ka ƙara. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma in irin haɗin kamfani ce, kamar Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ake shigowa da su 'yan gwanjo, tsaya tukuna, kada kuɗinka ya tafi a banza.

Da farko, san irin wadda na'urarka ke ɗauka. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, don tsagar da ke ƙasan kowacce ba wuri ɗaya take ba. Kamannin suna ma yana ruɗi: OptiPlex 7040 DDR4 take ci, amma 'yar uwarta 3040 DDR3L ce.

Sai batun gudu, inda ake yawan shan mutane. Furosesa da madabod ne ke yanka iyaka, ba RAM ɗin ba. Core i5-6500 yana tsayawa a 2133, i3-8100 a 2400, i5-8500 kuma a 2666. Ka sa musu mai 3200, galibi za ta yi aiki, amma za ta sauko daidai ƙarfinsu. Ka ga ka biya kuɗin jirgi, ka hau Keke Napep.

Waɗannan RAM ɗin na 'yan gem masu walƙiya fa? Yawancinsu ba sa kai lambar da ke kwali sai an kunna wani tsari na Intel mai suna XMP a cikin BIOS. Kwamfutocin ofis na haɗin kamfani kuwa akasari ba su da wannan zaɓin, sai RAM ɗin ta koma 2133 ko 2400.

In ka haɗa tsohuwa da sabuwa masu gudu daban, duka za su bi tafiyar mai nawar. Shi ya sa sili biyu iri ɗaya, misali 8GB da 8GB, suka fi sili ɗaya na 16GB: layi biyu suke buɗe wa furosesa.

Kafin ka fita kasuwa, danna Ctrl, Shift da Esc, shiga Performance, sai Memory. Nan za ka ga gudun da kake kai da gurbin da ya rage. Ɗauki hoton takardar da ke manne a tsohuwar RAM ɗinka, irin PC4-2666V, ka nuna wa mai shago. Kada ka yarda a ba ka ta sabar ko gajeriya ta laftof, sai dai in ƙaramar Micro ce gare ka.

Wajen sakawa, zare wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin tukuna, musamman da hunturu da jiki ke tara lantarki. Kuma ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya: in ba ta tashi ba, za ka dawo da ita.