Man Fetur, Hayaƙi da Tafiye-tafiyen Ma'aikacin Ikkilisiya

Aikin fasto ko mai bishara a ƙasar Karaye da Rogo aiki ne na hanya. Yau ziyarar mara lafiya a wani ƙauye, gobe taron gunduma, jibi kai wani ɗan'uwa asibiti a Kano. Kowace tafiya tana cin kuɗin baikon masu bi, tana kuma barin hayaƙi a iskar da kowa yake shaƙa. A wannan darasi za mu duba yadda sufuri ya sauya tsakanin ƙauyukanmu da birnin Kano, da abin da shugaban ikkilisiya zai iya yi a kai.

Yadda aka yi a dā

A shekarun 1960 wani masanin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin ƙauyukan da suke kewaye da Kano. Ya nuna yadda manoma suke ɗora itace a kan jakuna su kai birni, in za su koma gida kuma su ciko mangaloli da sharar gari da kashin dabbobi, su zuba a gona a matsayin taki. Jaki ba ya zuwa wayam, ba ya komowa wayam. Dattin birni ya zama abincin ƙasa, itatuwan gona kuma sassabe rassansu ake yi, ba a kashe uwar. Ba muna cewa a koma zamanin jaki ba ne. Darasin shi ne, kakanninmu sun lissafta kowace tafiya, zuwa da dawowa.

Yadda ake ciki yanzu

Da birnin ya faɗaɗa, babura suka cika tituna. A shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, aka riƙa kiran su A Daidaita Sahu. A watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Daga nan A Daidaita Sahu ya zama abin hawan talaka a Kano, a ƙauyuka kuwa babur ya ci gaba da zama motar kowa.

Sai ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Manomin Rogo da yake kai masara ko rake kasuwa, da mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa a Karaye, duk sun ga ribarsu tana ƙarewa a kuɗin mota. Ma'aikatan ikkilisiya da yawa kuma sun rage ziyara, domin albashinsu bai tashi tare da mai ba.

Farashin da ba a gani

Akwai wani farashi da ba a biya a gidan mai. Duk litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda take taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi. Injin da ba a gyara shi kuma yana fitar da baƙin hayaƙi mai ƙananan ƙwayoyi da suke shiga har cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska, a waje da cikin gida, tana jawo mutuwar mutum kusan miliyan 7 kowace shekara. Waɗanda suka fi shaƙar hayaƙin titi su ne direban A Daidaita Sahu, da mai talla a bakin hanya, da yaron da yake tsallaka titi zuwa makaranta. Cikinsu akwai samarin ƙauyukanmu da suke tafiya cin rani.

A nan ne batun ya taɓa kiranmu. Farawa 2:15 ta nuna cewa aiki biyu aka damƙa wa mutum game da ƙasa: ya amfana da ita, ya kuma tsare ta. Mai riƙon amana ba ya ɓarnatar da abin da ba nasa ba, ko baiko ne ko iska.

Abin da shugaba zai iya yi

Na fari, a tsara tafiya. Idan fastoci goma za su taron gunduma, kowa a kan babur ɗinsa, injuna goma ne suke cin mai. Bas ɗaya za ta kwashe su, har da wakilan zumuntar mata. Masu shirya taro su zaɓi wurin da yake tsakiya, su haɗa tarurruka biyu a rana ɗaya, su dubi ranar kasuwa, lokacin da motoci suke da yawa a hanya. Saƙon da waya za ta isar ba ya bukatar tafiya. Amma ta'aziyya da gaisuwar mara lafiya suna bukatar fuska, don haka a tanadi mai saboda su.

Na biyu, a kula da abin hawa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, da matacin iska da ƙurar hunturu ta toshe, da baƙin mai da ya daɗe ba a juye ba, duk suna ƙara shan fetur. Kuɗin bakanike da mai faci ba su kai kuɗin man da ake asara ba. Dattawa su sa gyaran babur ɗin ikkilisiya cikin kasafin shekara.

Na uku, a mayar wa keke da darajarsa. Masu bishara na farko a ƙasar Hausa da keke da ƙafa suka ratsa ƙauyuka. Yau mutane da yawa suna kallon keke a matsayin alamar talauci. Idan fasto ya hau shi zuwa ƙauyen da yake kusa, ya cire wa matasa wannan kunya.

Na huɗu, a kare itatuwan hanya da na gona. Mai tafiya a ƙasa ko a keke ba zai jure ranar bazara ba sai da inuwa, ga shi kuwa buhunan gawayi suna ta kwarara daga karkara zuwa birni. A Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya ƙarfafa manoma su bar tohon kututture ya girma maimakon su sare shi. Wannan dabara ta mayar da itatuwa a miliyoyin kadada a Nijar, ba tare da sayen dashe ba. Ana iya fara ta a gonar ikkilisiya.

Manyan abubuwa, kamar bas-bas na gwamnati da gyaran hanyoyi da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, suna hannun hukuma, kuma ya dace mu yi magana a kansu tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama iska ɗaya muke shaƙa. Amma waɗannan matakai huɗu suna hannunmu tun yau.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku lissafta tafiye-tafiyen da kuka yi a watan jiya. Waɗanne ne za a iya haɗa su wuri ɗaya?
2. Wace ziyara ce aka daina yi a ikkilisiyarku saboda tsadar mai? Wa ya cutu?
3. Yaya za ku bayyana wa dattawa cewa gyaran babur sashe ne na riƙon amana?