Yadda Lasisin Manhaja Ke Ƙirga Masu Aiki a Lokaci Guda

Manhajar da aka saya da lasisin karɓa-karɓa ba ruwanta da yawan kwamfutocin da aka ɗora ta a kai. Abin da take ƙirgawa shi ne mutum nawa ke aiki da ita a daidai wannan lokaci. Jami'a na iya sayen gurbi 30 na MATLAB ta ɗora shi a kwamfuta 200, amma ɗalibi na 31 da ya buɗe shi dole ya jira wani ya rufe nasa, kamar masu jiran guga a bakin rijiya.

Ƙirgar tana hannun kwamfuta guda da ake kira saba. Tsarin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne FLEXlm, wanda ya fito a 1988, yanzu kuma sunansa FlexNet Publisher. Sabar tana riƙe da wani ɗan fayil mai ɗauke da sunan manhaja, adadin gurabe, ranar ƙarewa da lambar katin sadarwarta, an kulle su duka da sa hannun sirri na kamfani. Wanda ya yi wayon mayar da 30 ta zama 300, sa hannun ba zai dace ba, fayil ɗin ya tashi aiki. Duk manhajar da aka buɗe sai ta nemi gurbi wajen saba, in an rufe ta kuma ta mayar.

Inda gizo ke saƙar shi ne sanin wanda ya tashi. Idan wuta ta ɗauke, kwamfuta ta mutu babu sallama, gurbinta na iya maƙalewa, saba na ɗaukar mai shi yana nan alhali wasu na layi. Shi ya sa manhajar ke aika ɗan saƙo lokaci-lokaci don nuna tana raye; in shiru ya wuce wa'adi, sai a ƙwace gurbin. Injiniya mai tafiya inda babu sadarwa kuwa yana iya aron gurbi na wasu kwanaki, adadin ofis ya ragu da ɗaya har ya dawo.

Ba ko'ina ake tsaurarawa haka ba. Windows na ofis yana tsayawa a haɗi 20 wajen raba fayil, amma wasu lasisin Microsoft na sabobi a takarda kawai suke, sai ranar da masu binciken kamfani suka zo a san gaskiya. Autodesk kuwa tun 2020 ta fara janye lasisin karɓa-karɓa, ta koma ɗaure kowane gurbi da sunan mutum ɗaya.