Kyanwar Bromakoté: Daga Kwanon Garba Zuwa Allurar Riga-kafi

Yau mun yada zango a Bromakoté, wata unguwa a Adjamé ta birnin Abidjan, domin duba lafiyar wata ma'aikaciya da ba ta karɓar albashi, wato kyanwa.

Daga shagunan buhunan shinkafa na Adjamé zuwa gidajen haya masu tsakar gida ɗaya na Treichville, da wuya a rasa mage. Mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda ta girma, ɓeran da take kamawa ya ishe ta. Likitocin dabbobi ba su yarda ba. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi za ta yi, kuma ɓeran ne ke sa mata tsutsar ciki, in ya ci guba ya ja mata ajali. Galibin abin da ke cutar da babbar kyanwa kuwa daga hannun mai ita yake fitowa, da kyakkyawar niyya.

Mu fara da kwano. Garba, wato aceke da soyayyen kifin tuna, abinci ne da 'yan Nijar suka yi fice da sayar da shi a Abidjan, birnin da tasharsa ta ruwa ke cikin manyan masaukan tuna na Afirka. Idan mai gida ya ci ya rage, sai ya tura wa kyanwa. A cikin wannan saura akwai ɗanyar albasa, da barkono, da gishiri, da mai. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Shi kansa tuna, in ya zama cimarta ta kullum, yana haddasa mata ciwon kumburin kitsen jiki, har ta ƙi yarda a taɓa ta.

Aceken kuwa rogo ne, ita kuma hanjinta na nama ne. Tana buƙatar wani sinadari mai suna tawurin, wanda jikinta ba ya samar da isasshe sai ta ci nama. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, suka nuna cewa ƙarancinsa na raunana zuciyar kyanwa. Yana kuma makantar da ita. Don haka gutsuren nama ko zuciya daga wajen mahauci, a dafa ba yaji ba ƙashi, ya fi mata tulin shinkafa. Mai hali ya haɗa mata da abincin kyanwa na kanti. Madara kuma, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su.

Ruwa fa? Kakarta kyanwar daji ce ta busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, shi ya sa ba ta cika jin ƙishirwa ba. Mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kusan mililita 200 a rana, har da wanda ke cikin abinci. A ajiye mata mai tsabta, nesa da inda take bayan gida. Muzurun da aka ga yana yawan tsugunawa fitsari ba ya fita, a garzaya da shi asibitin dabbobi a ranar, domin toshewar mafitsara na kashewa cikin kwana biyu ko uku.

Sai batun magani. A Adjamé, inda kasuwar Roxy ta yi suna wajen sayar da ƙwayoyi a kan titi, magani ba ya wuyar samu. Amma farasitamol, wanda uwa ke ba ɗanta, guba ne ga kyanwa: hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin farmetirin, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Ƙuma na yawaita da babbar damina, daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da makero ma ke samun wuri, ya kuma tsallaka zuwa jikin yara. Maganin tsutsa duk wata 3, amma wanda likitan dabbobi ya auna da nauyinta.

Allurar da ba a wasa da ita ita ce ta ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kare ne babban mai yaɗa shi, amma kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma yaɗawa. Wanda ta ciza ko ta yakushe, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya nufi sashen riga-kafin wannan ciwo na cibiyar kula da lafiyar jama'a ta ƙasa, INHP, da ke Treichville.

Kyanwa na ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, sau biyu ko uku a shekara. Tiyatar hana haihuwa, da fiɗiyar muzuru a hannun likita, na rage yawon dare da faɗa da miyaku.

Jin daɗinta ba ya cin kuɗi: wuri mai tudu da za ta hau ta huta daga hayaniyar yara, guntun katako na wasa farce, roba mai yashi da ake tsabtacewa kullum, da wasan zare na 'yan mintoci da yamma. Barcin awa 12 zuwa 16 al'adarta ce. Abin lura shi ne ɓuya, da daina lasar jiki, da ƙin abinci na yini guda, domin kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Malamai kuma kan tunatar da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha.

Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Louis Pasteur, masanin da ya samar da riga-kafin ciwon, ya rasu a 1895. Mai kyanwa ya duba katin allurarta kafin nan.