Azumi, Ci da Sha: Tasirin Abinci a kan Gwajin Ciwon Sukari ga Mai Juna Biyu

1.0 Gabatarwa

Ciwon sukari na goyon ciki yana samuwa ne yayin da sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suka rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka. Idan ba a gano shi ba, jariri kan yi girma fiye da kima, haihuwa ta zo da gardama. Akan yi gwajinsa tsakanin mako na 24 da na 28. Wannan maƙala ta dubi yadda abinci ke sauya sakamakon gwajin, da kuma rawar da kalmomin Hausa ke takawa a cikin haka.

2.0 Ire-iren Gwajin

Gwajin iri biyu ne. A na farko, mace takan sha giram 50 na gulukos, a ɗebi jininta bayan awa ɗaya, kuma ba a sharɗanta mata barin abinci ba. Duk da haka, wadda ta zo ba ta ci komai ba sakamakonta kan fi hawa, domin abincin da aka ci da farko yakan sa jiki ya riga ya fara fitar da insulin.

A na biyu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auninsa a 2013, dole ne mace ta kwana aƙalla awa 8 ba ta ci ba, sannan ta sha giram 75. Ana tabbatar da ciwon idan sukarin ya kai miligiram 92 a kowace desilita kafin sha, ko 180 bayan awa ɗaya, ko 153 bayan awa biyu. A nan kofin koko ɗaya ya isa ya ɓata awon farko, a ɗora wa lafiyayya ciwon da ba ta da shi. Haka kuma, ƙaurace wa tuwo da shinkafa na kwanaki kafin gwajin yana iya ɗaga sakamakon.

3.0 Matsalar Kalmomi

Idan aka ce wa Bahaushiya ta yi "azumi", abin da za ta fahimta shi ne barin ci da sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana, har ma ta tashi ta yi sahur, alhali likita na nufin barin abinci tun dare, ruwa kuwa ba a hana ba. Idan kuma aka ce "kada ki ci komai", an bar ƙofa a buɗe, domin a Hausa fura da kunu da shayi da rake da lemo duk "sha" ake yi.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ingancin gwajin ya rataya a kan umarnin da aka ba mai ciki da harshenta. Zai fi dacewa a ce: "Bayan abincin dare kada ki ci ko ki sha komai sai ruwa zalla, kuma kada ki karya kumallo sai an gama ɗibar jini."