Tasirin Tsarin Ɗauka a kan Sautin Faifai: Misalin Mdou Moctar

1. Gabatarwa

Masu nazarin waƙa sun saba ɗaukar kaset ko faifai tamkar madubin abin da makaɗi ya yi. A cikin wannan maƙala muna so mu nuna cewa ba haka lamarin yake ba. Wurin ɗauka, da na'urorin da aka zaɓa, da hannun mai haɗa sauti, duk suna shiga cikin abin da kunne yake ji. Mun ɗauki misalin Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Buzu mai gitar daga jihar Tawa. A Turai da Amurka ana lasafta kiɗansa cikin rok na sikedelik, wato salon da ya bunƙasa wajen 1967, mai dogon kiɗan gitar da amsa-kuwwa da maimaici har hankali ya tafi.

2. Sakkwato, 2008

A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, cikin situdiyo irin na mawaƙan finafinan Hausa. Na'ura ce ta ba da kiɗan ganga, murya kuwa aka bi da ita ta Auto-Tune, mai jan kowane amo zuwa ma'auninsa har ta yi kamar ta ƙarfe. Saboda haka murya ce a gaba, gitar tana biye. Irin wannan siririn sauti yana fita sarai a ƙaramar lasifika, kuma ta wayar salula waƙoƙin suka bazu a Sahel. A 2011 Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya sa waƙar "Tahoultine" cikin wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara.

3. Daga filin biki zuwa Ditiroyit

Afelan (2013) a Cintabaraden aka ɗauke shi, kai tsaye, ba tare da tace ƙarar amfuli ko motsin jama'a ba. A nan gurɓatar sautin gitar ta samo asali ne daga tura ƙananan na'urori fiye da ƙarfinsu.

Ilana (2019) shi ne faifan farko na situdiyo da cikakken rukuni. Chris Koltay ya ɗauke shi a Ditiroyit, makaɗan suna kiɗa tare. Abubuwa uku suka sauya. Na ɗaya, gangunan da mutum ke kaɗawa suka maye gurbin na'ura, sai kiɗa ya sami damar ƙara sauri a hankali kamar a biki. Na biyu, gitar bas ta Mikey Coltun ta cika ƙasan sauti. Na uku, gurɓatar gitar ta zama zaɓi, ana auna ta, ana faɗaɗa ta da amsa-kuwwa. Haɗuwar waɗannan ukun ce ta ƙarfafa sunan sikedelik.

4. Waƙa ɗaya, riga biyu

Hujja mafi ƙarfi tana cikin faifai biyu na kamfanin Matador. Funeral for Justice (2024) yana da gitar lantarki mai ƙaraji da ganguna masu nauyi. Juyin mulkin Yuli 2023 ya tarar da rukunin a Amurka, hanyar komawa gida ta toshe, sai suka sake ɗaukar waƙoƙin a Burukilin da gitar marar lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin ba su sauya ba, amma abin da ya fito da zafin zanga-zanga a faifan farko ya koma jimami a na biyu.

5. Kammalawa

Wannan bayani ya shafi ɗalibanmu masu zuwa ɗaukar kiɗan bori a Tibiri da Dogon Dutsi. Idan makirfo ya matsa kusa da goge, ƙwarya za ta dushe. Idan aka yanke ɗauka a minti biyar, hauhawar saurin da ke kai ga hawan iska ta ɓace. Wanda zai saurari ajiyar nan gaba ba shi da wata shaida sai ita. Don haka muna ba da shawara kowace ɗauka ta zo da takardar bayani: wuri, da rana, da irin na'ura, da mazaunin makirfo, da abin da aka yanke.