Shin Da Gaske Ne Mata Ba Su Jituwa A Wurin Aiki?

Kwanakin baya an kira mu taron kwamitin wata makarantar Islamiyya a nan Kumasi, irin waɗanda ake koyar da Turanci da Larabci tare, domin a fid da sunan wanda zai zama mataimakin shugabar makaranta. Shugabar mace ce, kuma cikin malamai uku da suka cancanta, wadda ta fi daɗewa a aiki ta kuma fi takardu ita ma mace ce. Ban yi zaton za a ja magana ba. Sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam, kai har yanzu yaro ne. Ka taɓa ganin an haɗa mata biyu a madafa ɗaya an kwana lafiya? In muka sa mace ƙarƙashin mace, kullum sai mun bar kasuwancinmu mun zo rabon faɗa." Aka yi dariya, wani ya ce ai kishi kumallon mata ne, aka tura sunan namiji.

Tun daga ranar nan maganar take cina a rai, domin ba a bakin dattijon kaɗai nake jinta ba. Ana faɗinta a ofis, ana faɗinta a asibiti, har matan da kansu za ka ji wata ta ce gara a ba ta shugaba namiji. To, jama'a, bari mu ɗora maganar nan a kan sikeli mu ga nauyinta.

Na haura shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma na zauna a ɗakin malamai na makarantu huɗu. A ɗaya daga ciki, malamai biyu maza sun yi shekara guda cur ba su gaisawa saboda rabon kuɗin darasin yamma, har sai da limamin unguwa ya shiga tsakani. Ba wanda ya ce maza ba su jituwa. Cewa aka yi wane zuciya gare shi, wane kuma son kuɗi. A wannan makaranta ce kuma malamai biyu mata suka yi cacar baki kan wadda za ta riƙe aji shida, washegari na gan su suna cin waken kwano ɗaya. Amma har aka yi hutu ana ta faɗin, "Ai mata ke nan." Laifin namiji nasa ne shi kaɗai, na mace kuwa sai a raba wa dukkan mata.

Abin da na gani da idona, masu bincike ma sun gwada shi. A shekarar 2013 wasu masana biyu a ƙasar Kanada, Leah Sheppard da Karl Aquino, sun ba mutane labarin saɓani tsakanin manajoji biyu su karanta. Labarin ɗaya ne, sunaye kawai suka canza: wasu aka ba su na maza biyu, wasu na mata biyu, wasu na mace da namiji. Waɗanda suka karanta na mata biyu su ne suka fi ɗauka cewa ba za a shirya ba, kuma aikin zai fi samun cikas. Ashe wani lokaci rigimar a idon mai kallo take girma.

Kada mai karatu ya ce malam ya zo wanke mata tas. Akwai shugabar da ke gallaza wa na ƙasa da ita, kuma duk wanda ke da 'ya ko ƙanwa da ta yi koyon aikin jinya ko ɗinki ya ji irin labarin. Turawa ma suna da suna ga irin wannan mace tun farkon shekarun 1970, lokacin da wasu masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka kira ta sarauniyar zuma, wato wadda ta hau sama ba ta son wata mace ta matso kusa. Abin tambaya shi ne, me ke haifar da ita?

Wata malamar jami'a, Rosabeth Moss Kanter, ta fitar da littafi a 1977 bayan ta daɗe tana nazarin wani babban kamfani a Amurka. Ta lura cewa inda mace take ita kaɗai ko su biyu a cikin taron maza, ido na kanta kullum, kuskurenta ɗaya sai a ce na mata ne duka, saboda haka sai ta riƙa nesanta kanta da sauran mata don a karɓe ta. A 2011 kuma Belle Derks da abokan aikinta a ƙasar Holan sun yi bincike kan manyan jami'an 'yan sanda mata. Da aka sa su tuna wariyar da aka nuna musu a wurin aiki, waɗanda dama ba su ɗauki kansu a sahun mata sosai ba sai suka ƙara cewa su daban suke da sauran mata. Mu Hausawa ba mu buƙatar dogon bayani a nan. In kujera ɗaya ce aka ware wa mata a tsakanin kujeru goma, dole a yi ture a kanta, kuma ko maza aka yi wa haka za su yi. Shi ya sa misalin madafa da dattijon nan ya kawo bai zauna ba. Kishiyoyi miji ɗaya suke rabo, alhali malamai biyu kowace da ajinta, da albashinta, da mijinta a gida.

Wanda yake son ya ga yadda mata ke aiki da juna in sun yi yawa, to ya sauka babbar kasuwar Kumasi, ko Makola a Ankara. Masu doya, masu tumatir, masu kifi, kowane layi da shugabarsa wadda Asantawa ke kira ohema. Ita ke sasanta rigimar bashi da ta wurin zama, ita ke jagorantar gudummawa in an yi rasuwa, ita ke zuwa gaban hukuma da yawun sauran. Wata Ba'amurkiya mai suna Gracia Clark ta zauna da matan kasuwar Kumasi shekaru, ta rubuta littafi a kansu a 1994. A zangonninmu ma haka abin yake. Wa ke riƙe adashi, wanda a nan muke kira susu, shekara da shekaru ba a ji kansu ba? Wa ke haɗa kan mata ranar biki da suna in ba magajiya ba? Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato, tana naɗa jajis mata suna shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Da mata ba su iya aiki ƙarƙashin mace, da wannan tsari bai kai ko'ina ba. Ana saɓawa a kasuwa, ana saɓawa a ƙungiya, amma ai zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma sukan yi.

Ƙasar nan tamu ta Gana tana tafiya. Georgina Wood ta zama Alƙalin Alƙalai a 2007, da ta sauka a 2017 wata mace, Sophia Akuffo, ta gaje ta. A 2024 majalisa ta zartar da dokar ƙara yawan mata a muƙaman gwamnati, a watan Janairun 2025 kuma aka rantsar da Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang mataimakiyar shugaban ƙasa, mace ta farko a wannan kujera. Mu 'yan zango da muka makara wajen sa 'ya'ya mata boko, yanzu da suka fara fitowa daga kwalejojin horon malamai da na jinya, bai kamata mu tare su a bakin ƙofa da karin magana ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kwamitocin makarantu da na ƙungiyoyinmu su duba takardu da hali da ƙwazo, su bar lissafin cewa mace ɗaya ta isa. In mata biyu suka saɓa a wurin aiki, a tambayi abin da ya haɗa su kamar yadda ake tambayar maza, ko jadawali ne, ko kuɗi, ko raini, a warware shi. Iyayenmu da yayyenmu mata da Allah Ya ɗaukaka kuma su tuna wahalar da suka sha kafin su kai, su kama hannun na baya. Mu maza kuma mu daina kai gulmar wannan wurin waccan sannan mu koma gefe muna cewa ga halin mata.

Malamar nan da aka tsallake har yau tana ajinta, kuma ita da shugabar ce ke zama bayan an tashi suna shirya 'yan mata masu jarrabawar fita ƙaramar sakandare, ba tare da ko sidi ɗaya ba. Na yi shiru a taron farko don kunyar furfura. In Allah Ya kai mu na gaba zan ɗaga hannu, cikin ladabi, in roƙi Alhaji ya zo da yamma ya gani da idonsa.